Shirin BBC kan gidan Bronte: labarin mata uku ne ko na ɗan'uwansu?

Umm_Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wa ya kalli To Walk Invisible, shirin nan na awa biyu da BBC ta fara nunawa a ƙarshen Disambar 2016 kan 'ya'yan gidan Bronte? Ina da ƙorafi a kansa, ina so in ji ko ni kaɗai ce. An ce mana labarin Charlotte da Emily da Anne ne, mata uku 'yan gida ɗaya da suka rubuta littattafan da har yau ake karantawa a makarantu. To amma kusan rabin shirin ɗan'uwansu Branwell ake nuna mana: ya sha ya bugu, ya yi wa mahaifinsa tsawa a kan kuɗi, ya faɗi a hanya, masu bin bashi sun zo ƙofar gida. Ni Emily nake son gani tana rubutu, ina son in san daga ina ta samo labarin littafinta Wuthering Heights. Ko a shirin da aka yi domin mata, sai namijin gidan ya cinye fili? Abin ya dame ni wallahi.

Malam_Bello_Zazzau:
Wa'alaikumus salam Malama. Na kalla, kuma ban yarda da ke ba. Ki duba shekarun da marubuciyar shirin, Sally Wainwright, ta zaɓa: daga 1845 zuwa 1848. A watan Yulin 1845 aka sallami Branwell daga aikin koyarwa a gidan Robinson da ke Thorp Green, bisa zargin alaƙa da matar gidan. Ya dawo garinsu Haworth ba aiki, ya faɗa shaye-shaye. Gidan da suke ciki kuwa ba nasu ba ne, na coci ne, an bai wa mahaifinsu Patrick saboda shi ne limamin cocin garin. An haifi Patrick a 1777, wato yana dab da shekara 70, ga idanunsa sun kusa rufewa. Ranar da ya mutu, ranar za a ce su tattara su fita. Ɗa namiji ɗaya tilo da ake sa ran zai riƙe su, shi ne ya lalace. Wannan tsoron ne ya sa matan suka tsaya suka ce dole a nemi hanyar cin abinci. In kika cire Branwell, kin cire dalilin da ya sa suka aika rubutunsu Landan.

Bintu_Mai_Littafi:
Malam Bello, a nan ne fa nake ganin matsalar. Maganarka ta sa kamar lalacewar namiji ce ta haifi baiwar matan. Alhali tun suna yara suke rubutu. A 1826 mahaifinsu ya kawo wa Branwell akwatin sojojin katako, daga nan su huɗun suka ƙirƙiro ƙasashe na kansu, Charlotte da Branwell da Angria, Emily da Anne da Gondal. Suna ɗinka 'yan ƙananan littattafai da hannu, rubutun ƙanana ƙwarai, da kyar ido ke karanta shi. Shekara kusan 20 suna wannan kafin lokacin da shirin ya ɗauko. Shirin ya nuna yarintar tasu a ɗan taƙaitaccen wuri a farko, yara huɗu da wuta tana ci a kawunansu, daga nan aka wuce. Ina tare da Umm Sadiya.

Malam_Bello_Zazzau:
Ban ce shi ya ba su baiwa ba, Malama Bintu. Rubutu daban, fitar da shi kasuwa daban. Emily da an bar ta, da har ta mutu ba wanda zai ga waƙoƙinta. Ai kin ga yadda ta harzuƙa da Charlotte ta buɗe mata littafin waƙoƙi ba da izininta ba.

Dan_Tasha88:
Ni matsalata daban ce. Ba na jin abin da suke faɗa. Turancin Yorkshire ne, ga shi suna magana ƙasa-ƙasa, ga iska tana kaɗawa. Sai da na kunna rubutun ƙasan allo.

Hajiya_a_Bradford:
Ɗana Dan Tasha, ba kai kaɗai ba ne, har 'yan ƙasar da yawa sun koka da sautin lokacin da aka nuna shi. Amma harshen kam haka mutanen yankin suke magana, kuma na ji daɗi da ba a sa musu Turancin gidan sarauta ba. Mai shirin ita ma 'yar yammacin Yorkshire ce, ta san mutanenta.

Haworth ba nisa daga inda nake zaune, na sha kai baƙi gidan, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Abin da mai kallo ba zai sani ba shi ne, gidan da kuka gani daga waje a shirin ba shi ne na gaske ba. Gina irinsa suka yi a kan tudun Penistone da ke bayan gari, saboda na gasken yanzu bishiyoyi sun kewaye shi, an kuma ƙara masa wani ɓangare bayan mutuwar Patrick. A zamaninsu fili ne fetal, ka leƙo ta taga kaburbura ne a gabanka. Ɗakin cin abincin da suke zagaye teburinsa da daddare suna karanta wa juna abin da suka rubuta, ɗan ƙarami ne ƙwarai. Duk wanda ya shiga gidan nan zai gane cewa in mutum ɗaya ya dawo a buge yana ihu, babu kusurwar da za ka ɓuya ba ka ji shi ba. Don haka ni ban ga an yi ƙari a kan Branwell ba.

Likita_Nura:
Hajiya ta taɓo maƙabarta, bari in ƙara. A 1850 gwamnati ta aika wani jami'i, Benjamin Babbage, ya duba lafiyar garin Haworth. Rahotonsa ya ce matsakaicin shekarun da mutum ke yi a garin bai kai 26 ba, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na yara suna mutuwa kafin su cika shekara 6. Ruwan sha yana bi ta kusa da maƙabartar da ta cika maƙil. A gidan Bronte kansa, uwar ta rasu a 1821, manyan 'ya'ya mata biyu, Maria da Elizabeth, suka bi ta a 1825 bayan an dawo da su daga makarantar kwana da tarin fuka.

Abin da Branwell ke sha kuma ba giya kaɗai ba ce. Akwai wani maganin ruwa da ake haɗa ofiyom da barasa, a lokacin kowa na iya shiga shago ya saya da 'yan kuɗi kaɗan, ba takardar likita. Jarumin da ya fito a matsayinsa, Adam Nagaitis, ya nuna alamomin yadda suke: rawar jiki, gumi, rama, kuka yanzu, zagi anjima, alƙawarin dainawa da safe, roƙon kuɗi da yamma. Na ga irin wannan a ɗakin jinya ba adadi.

Yaya_Babba_Gusau:
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Umm Sadiya, 'yar'uwa, na fahimci ƙorafinki, amma ni wannan ɓangaren da kike ƙi shi ne ya sa na kasa barci. Muna da ƙane a gidanmu da ya faɗa shan maganin tari da ƙwayoyi. Shi ne mai ƙwaƙwalwar gidan, shi aka kashe wa kuɗin karatu, mu mata aka ce mu yi haƙuri. Da ya lalace, komai na gidan ya koma kansa. Ba a maganar jarrabawata, ba a maganar ɗinkin da ƙanwata ke yi tana ciyar da mu, kullum maganar ita ce ina yake, me ya ɗauka, wa zai je ya ɗauko shi. Ka ɓoye kuɗin cefane a cikin tukunya, ka kulle ɗakinka in za ka shiga wanka. Kuma duk da haka kana son sa, in ya kwana biyu bai dawo ba zuciyarka ba ta kwanciya.

Kin ce ya cinye fili a shirin. Haka suke cinye fili a gida. Ni a ganina mai shirin da gangan ta bar shi ya dame mu, don mu ji abin da matan nan suka ji. Su kuma a cikin wannan hayaniyar suka zauna suka rubuta littattafai.

Umm_Sadiya:
Allah ya shirya shi, Yaya, ya ba ku ladan haƙuri. Maganarki ta shige ni.

Yaya_Babba_Gusau:
Amin, na gode. Yana samun sauƙi yanzu, alhamdu lillahi.

Abu_Fatima_Maradi:
Amin. Ni uban ne ya ba ni haushi. Yana gani yaron nan yana kashe kansa, amma in ya matsa masa sai ya ciro kuɗi ya ba shi. Ai shi ya ƙara lalata shi. Da ya kore shi daga gidan ko na wata ɗaya ne, da wataƙila ya dawo hayyacinsa.

Baba_Alhaji_Mai_Ritaya:
Abu Fatima, faɗa da baki yana da sauƙi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mutumin nan ya binne mata da 'ya'ya biyu. Ɗa namiji ɗaya gare shi. Bayan da Branwell ya kusa ƙona gidan, gadonsa ya kama wuta yana kwance a buge, uban ne ya ɗauke shi ya mayar da shi ɗakinsa suna kwana tare, tsoho mai shekara 70, don kada ya hallaka kansa da dare. Ku yaran yanzu ku duba wannan. Jonathan Pryce ya yi wasan dattijon nan da kyau, ba ya ɗaga murya, amma kana ganin gajiya a fuskarsa. Kuma ku tuna shi ya rayu bayan 'ya'yansa shida duka, sai a 1861 ya rasu yana da shekara 84.

Abu_Fatima_Maradi:
Gaskiya ne Baba, ba na musu da kai a kan tausayi. Amma 'ya'yansa matan fa? Su ma haƙƙinsu yana wuyansa. Anne ta yi shekaru tana aikin koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gidan Robinson, ita ta sama wa Branwell aiki a can, shi kuma ya je ya zubar mata da mutunci.

Likita_Nura:
Ƙarin bayani kan uban: ciwon yanar ido ne ya rufe masa ido. A watan Agustan 1846 Charlotte ta kai shi Manchesta aka yi masa aiki, ba tare da maganin kashe zafi ba, sannan ya kwanta makonni a ɗaki mai duhu. Tana zaman jinyar nan ne ta fara rubuta Jane Eyre, a daidai lokacin da kamfanonin buga littattafai ke ta dawo mata da littafinta na farko, The Professor.

Sani_Kwalli:
Ni na taɓa karantawa a intanet cewa Branwell ne ainihin wanda ya rubuta Wuthering Heights, Emily ta sa sunanta ne kawai. Wai mace da ba ta taɓa aure ba, ba ta fita ko'ina, ba za ta iya rubuta irin wannan zafin ba. Shirin bai taɓo wannan ba.

Bintu_Mai_Littafi:
Bai taɓo ba saboda ba gaskiya ba ne, Malam Sani. Wasu abokan Branwell ne suka yaɗa maganar shekaru bayan duk sun mutu, kuma masu bincike ba su sami hujja a kanta ba. Waƙoƙin Emily suna nan da rubutun hannunta, duk wanda ya karanta su ya karanta littafin zai ji murya ɗaya ce. Charlotte ma ta rubuta a wasiƙa bayan rasuwarsa cewa bai taɓa sanin 'yan'uwansa sun buga ko layi ɗaya ba, sun ɓoye masa don kada baƙin ciki ya ƙara kashe shi. Kuma ba daidai ba ne a ce Emily ba ta fita ko'ina. Ta yi koyarwa a wata makaranta kusa da Halifax, ta kuma je Brussels karatu tare da Charlotte a 1842.

Umm Sadiya, kin ga abin da muke faɗa ko? Ko littafin ma sai an nemi a miƙa wa namijin.

Malam_Bello_Zazzau:
A wannan kam ina bayan Malama Bintu ɗari bisa ɗari.

Zee_Marubuciya:
Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar suna. Sunayen aro suka sa a littattafansu, Currer, Ellis da Acton Bell, kowacce ta riƙe harafin farko na sunanta, ta ɗauki sunan da ba za a gane mace ce ba. Kuma suna da dalili. Tun a ƙarshen 1836 Charlotte ta aika waƙoƙinta ga Robert Southey, babban mawaƙin fadar Ingila a lokacin, ya amsa mata a 1837 cewa adabi ba zai zama sana'ar rayuwar mace ba, kuma bai kamata ya zama ba. Da suka buga littafin waƙoƙinsu a 1846, da kuɗinsu suka biya, daga gadon da innarsu ta bar musu, kwafi 2 kacal aka saya. Ba su karaya ba.

Ni ma ina rubuta labarai ina sakawa a Wattpad da WhatsApp, kuma ba da sunana ba. Mahaifiyata ta sani, yayyena maza ba su sani ba. Ba don ina rubuta abin kunya ba, sai don da zarar an san ke ce, duk abin da jarumar labari ta yi sai a ce ke kika yi. Wurin da Emily ta kafe cewa ba za a bayyana sunanta ba ko da me, na fahimce ta sarai.

Ustaz_Gwandu:
Malama Zee, Allah ya ƙara basira. Ina so in tuna wa zauren wani abu. A shekarun nan da ake gaya wa Charlotte cewa rubutu ba na mace ba ne, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu tana raye tana rubutu a ƙasar Sakkwato. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, wato ta girme su duka kuma ta rayu bayansu. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ba ta ɓoye sunanta, malamai maza suna girmama ta, ta kafa tsarin 'yan taru inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Gidan nan gaba ɗaya gidan alƙalami ne: Shehu, ƙanensa Abdullahi, ɗansa Muhammadu Bello, da ita. Tambayata ita ce, me ya hana masu shirya finafinanmu su yi mana irin wannan aikin a kan gidajen ilminmu?

Bintu_Mai_Littafi:
Ustaz, tunatarwar ta yi kyau, amma a yi hattara da kwatancen. Nana Asma'u 'yar shugaba ce, matar waziri, rubutunta na karantarwa ne da wa'azi da marsiyya, ana kwafarsa da hannu. 'Yan Bronte 'ya'yan limamin ƙauye ne marasa dukiya, ƙagaggun labarai suke rubutawa don a sayar su ci abinci. Matsalar da suka fuskanta ta fi kama da ta matan da suka fara buga littattafan soyayya a Kano, irin surutun da aka yi ta yi a kansu.

Dan_Tasha88:
Kuma Ustaz, wa zai yarda a sa wani jarumi ya fito a matsayin Shehu ko 'yarsa? Ai rigima za a yi kafin a kunna kyamara.

Ustaz_Gwandu:
Wannan gaskiya ne, akwai wuya. Amma ana iya yin labarin ta bakin wata jaji da ɗalibanta, ba sai an nuna fuskar manyan ba. Mu bar wannan zuwa wani zaren, kada in karkatar da maganar Malama Umm Sadiya.

Maman_Ilham:
Ni gargaɗi zan yi wa wanda bai kalla ba. Kada ka ga tufafin da da dogayen riguna ka ɗauka shiri ne na kallo da yara ko surukai. Akwai ashar a bakin Branwell, akwai wuraren da ba su dace da yara ba. Ban ga amfanin ashar ɗin ba, ko ba shi an gane mutumin ya lalace.

Hajiya_a_Bradford:
Maman Ilham, gargaɗinki daidai ne. Sai dai ni na fi son haka a kan irin shirye-shiryen da ake wanke kowa tas, tufafi ba datti, titi ba taɓo. Nan an nuna Emily tana kwaɓa fulawar burodi a kicin, hannu duk gari, an nuna titin garin da ƙazantarsa. Haka rayuwar take.

Aliyu_Dan_Jarida:
Ba wanda ya yi maganar wurin da ya fi kowanne daɗi: zuwansu Landan. Ga yadda abin ya faru a tarihi. Smith, Elder ne suka buga Jane Eyre a Oktoban 1847, ya karɓu nan da nan. Littattafan Emily da Anne kuwa wani mai suna Thomas Newby ne ya karɓa, ya sa suka biya wani ɓangare na kuɗin bugu, ya yi ta jan ƙafa, sai da ya ga Jane Eyre ya yi kasuwa sannan ya fito da su a Disamba. Da littafin Anne na biyu ya zo a 1848, sai ya gaya wa wani kamfanin Amurka cewa ai duk mutum ɗaya ne ke rubuta littattafan Bell. George Smith, mai kamfanin Smith, Elder, ya aiko da wasiƙa yana neman bayani. A watan Yuli Charlotte da Anne suka kama hanya, suka kwana a jirgin ƙasa, da safe suka shiga ofishinsa da tufafinsu na ƙauye. Charlotte ta miƙa masa wasiƙar da shi da kansa ya aika wa Currer Bell. Yadda Finn Atkins, wadda ta fito a matsayin Charlotte, ta tsaya a wurin, 'yar ƙaramar mace, tana kallonsa ido cikin ido har ya gane, wannan kaɗai ya biya ni awa biyun. Umm Sadiya, a nan babu Branwell ko kaɗan, filin nasu ne.

Umm_Sadiya:
Na yarda wurin ya yi kyau, Malam Aliyu, har na maimaita shi. Amma minti nawa ne? Irinsa nake so a ƙara.

Hauwa_Jidda_Yola:
Ni a madadin Anne nake magana. Kullum ita ake mantawa, ana ce mata ƙaramar mai shiru. Shirin ya ɗan yi mata adalci, Charlie Murphy ta nuna ta a matsayin mai sulhu tsakanin yayyenta biyu, mai tausayin Branwell har tana ɗora wa kanta laifi. Amma ba a nuna ƙarfin halin da ke cikin littafinta na biyu, The Tenant of Wildfell Hall, ba. Labarin mace ce da ta ɗauki ɗanta ta gudu daga gidan miji mashayi, ta koma tana ciyar da kanta da zane, a lokacin da dokar Ingila ba ta bai wa matar aure ikon mallakar dukiyarta ba, balle ta tafi da ɗa. Mutane sun yi ta sukar littafin cewa ya yi tsauri. Bayan rasuwar Anne, Charlotte da kanta ta hana a sake buga shi, tana ganin batun bai dace da ƙanwarta ba. Wannan ya daɗe yana ci min rai.

Kuma ga abin da zai ba Malam Bello ƙarfi: daga ina Anne ta san yadda mashayi ke rushe gida dalla-dalla haka? A gidansu ta gani.

Bintu_Mai_Littafi:
Ta gani a gidansu, ta kuma gani a gidajen masu kuɗin da ta yi wa aiki. Amma dubban mata sun ga irin wannan a zamanin, ita ce ta iya mayar da shi littafi. Wannan iyawar ce nake cewa shirin bai tsaya a kanta ba sosai.

Malam_Bello_Zazzau:
To ta yaya ake nuna iyawa a allo, Malama? Mutum yana zaune da alƙalami yana rubutu, minti biyu ya isa mai kallo ya gaji. Mai shirin ta yi dabara: ta sa muryar Emily tana karanta waƙarta a kan hoton tsaunukan, ta sa ta tana ba da labarin rigimar gado da ta ji a yankin, wanda mai kallo zai gane shi ne tushen littafinta. Chloe Pirrie, wadda ta fito a matsayin Emily, ta riƙe wannan da kyau, ga tafiyarta da karenta, ga fushinta, ga kuma yadda ita ce ke tallabo Branwell in ya faɗi. Ba na jin akwai wata hanyar da ta fi wannan.

Zee_Marubuciya:
Akwai, Malam. A nuna su suna gardama a kan labari, wannan ta ce jarumarki ta cika kyau, waccan ta ce ƙarshen bai yi ba. An san suna karanta wa juna, an san Charlotte ta ce za ta yi jaruma marar kyau, 'yar ƙarama kamar ita, kuma mutane su so ta. Mu da muke rubutu mun san a irin wannan hirar ake gina littafi. Da an ba shi minti goma daga cikin na mashaya, da ya wadatar.

Sani_Kwalli:
Ƙarshen fa? Ni ya ruɗa ni. Ana cikin jimamin mutuwar Branwell, kawai sai ga mutanen zamaninmu da wayoyi a hannu suna yawo a gidan, ga shagon sayar da tsaraba.

Hajiya_a_Bradford:
Mutane da yawa a nan ma ba su so wannan ba. Ni kuwa na so shi, wataƙila don na san wurin. Mata uku da suka ɓoye sunansu, yau ga mutane daga Japan da Amurka da ko'ina suna layi don su ga teburinsu.

Likita_Nura:
Ni abin da ya dame ni da ƙarshen shi ne an taƙaita mutuwar matan a rubutu kawai. Branwell ya rasu ranar 24 ga Satumban 1848 yana da shekara 31. Emily ta bi shi ranar 19 ga Disamba, tana da 30, ta ƙi yarda likita ya duba ta sai a ranar ƙarshe. Anne ta rasu a Scarborough ranar 28 ga Mayun 1849, tana da 29, a can aka binne ta, ita kaɗai ce ba ta kwanta tare da danginta a Haworth ba. Cikin wata 8 Charlotte ta rasa mutum uku. Ita ma ta auri mataimakin mahaifinta, Arthur Bell Nicholls, a 1854, ta rasu a Maris 1855 tana da juna biyu. An nuna mana ciwon Branwell daki-daki, na Emily da Anne kuwa layi biyu a allo. A nan kam ƙorafin Umm Sadiya yana da ƙarfi.

Umm_Sadiya:
Likita ka faɗi abin da na kasa faɗa tun farko. Maganar Yaya Babba ta sa na daina ganin wuraren Branwell a matsayin ɓata lokaci, na gane nauyin da matan suka ɗauka ne ake nuna mana. Amma har yanzu ina kan bakana a kan rabon lokacin. Shirin ya fara da dawowarsa, ya ƙare da mutuwarsa, kamar rayuwarsa ce ma'aunin. Charlotte ta ƙara rubuta Shirley da Villette bayan nan, ita kaɗai a gidan da mahaifinta. Wannan ba labari ba ne?

Aliyu_Dan_Jarida:
Labari ne babba, amma awa biyu ba za ta ɗauke shi ba. Kamata ya yi a yi shi kashi-kashi, ko shida ne, a fara daga makarantar kwana ta Cowan Bridge da suka yi suna yara, a bi ta Brussels, a ƙare da auren Charlotte.

Yaya_Babba_Gusau:
Ko an yi kashi goma, ni dai ina roƙon kada a rage na Branwell. Akwai gidaje da yawa da ke cikin wannan halin suna ɓoyewa saboda kunya, kamar yadda muka yi shekaru muna ɓoyewa.

Baba_Alhaji_Mai_Ritaya:
Hajiya ta Bradford, tambaya gare ki. Zanen nan da Branwell ya yi na 'yan'uwansa uku, wanda ya goge kansa daga tsakiya ya mayar da wurin ginshiƙi, yana gidan na Haworth ne? Jikata tana karatu a Leeds, ina so in ce ta je ta gani.

Hajiya_a_Bradford:
A'a Baba, na asalin yana Landan, a gidan adana hotunan fitattun mutane na ƙasa, National Portrait Gallery. Matar Nicholls ta biyu ce ta same shi a ninke a saman kabad a Ailan bayan rasuwar mijin, shi ya sa har yau ake ganin layin ninkin a jikinsa. Amma ta je Haworth ɗin duk da haka, daga Leeds jirgin ƙasa ne zuwa Keighley, daga nan ta hau bas. Ta sa takalmi mai ƙarfi da rigar sanyi, titin garin hawa ne sosai.